Hellcat mai mil 9,000 ko Shelby GT350 mai mil 30,000: wacce za ta riƙe kuɗinta?

Malam, ka ce motoci biyu aka nuna maka a can Amurka. Ɗaya Dodge Challenger Hellcat ta 2016, otomatik, mil 9,000 kacal. Ɗayar Ford Mustang Shelby GT350 ta 2017, giyar hannu, ta yi mil 30,000. Kuɗinsu kusan ɗaya, kana son wadda ba za ka yi asara ba ranar sayarwa. Ni dai GT350 zan ɗauka, ko da mitarta ta fi gudu.

Hellcat ba ƙaramar mota ba ce. Da ta fito a 2015 da ƙarfin doki 707, duk duniyar motoci sai da ta girgiza. Kuma Dodge ta rufe ƙera Challenger a watan Disamba 2023 a masana'antarta ta Brampton da ke Kanada, abin da dillalai ke ta kafa hujja da shi ke nan. Sai dai shekara tara Dodge na fitar da Hellcat da yawan gaske, kuma kullum tana sako wasu Challenger da suka fi ta ƙarfi: Demon a 2018 mai doki 840, wadda 3,300 kawai aka yi, sai Redeye mai 797, sai Demon 170 mai 1,025 a 2023. Masu tara motoci waɗannan suke bi. Hellcat ɗin 2016 otomatik tana ƙasan layi a gidansu, kuma irinta masu ƙaramin mil suna nan birjik, don mutane da dama sun saya sun kulle a gareji da irin tunaninka. Ga inshora mai tsada, saboda ɓarayin mota a Amurka sun ƙwallafa rai a kan duk abin da ke ɗauke da tambarin Hellcat.

An taɓa yin irin wannan. A 1978 Chevrolet ta fitar da Corvette ta musamman don tseren Indy 500. Labari ya bazu cewa za ta yi tsada, kowa ya saya ya lulluɓe, wasu ko ledar kujera ba su cire ba. Ashe guda 6,502 aka yi. Har yau ana kawo su gwanjo da mil kaɗan, kuma mafi yawan masu su ba su ga ribar da suka yi mafarki ba.

GT350 kuwa injinta ne jarinta. Lita 5.2, silinda takwas, doki 526, ba supacaja (na'urar da ke cusa wa inji iska don ƙara masa ƙarfi), yana juyawa har 8,250 a minti, da wata ƙara da ba za ka ji a sauran Mustang ba. Daga 2015 zuwa 2020 aka yi ta, duk da giyar hannu, kuma Ford ba ta sake saka wannan injin a wata motar titi ba. GT500 da ta biyo baya ta fi ta ƙarfi, amma otomatik ce, don haka ba ta maye gurbinta ba. Ka kuma yi dace da shekara: wasu na 2016 ba su da na'urar sanyaya giya, suna zafi a filin tsere har maganar ta kai kotu, amma daga 2017 kowacce da ita take zuwa. Aibinta shi ne an san wasu da shan baƙin mai, kuma sauya injin nan kuɗi ne mai yawa. Ka sa makanike ya auna matsin kowace silinda, ka nemi takardun sabis, ka tambaya ko an taɓa sauya inji.

Mil 9,000 a shekaru masu yawa ma abin dubawa ne. Motar da ta daɗe a ajiye robobinta kan bushe su fara yoyo, fetur ya lalace a tanki, tayoyi su taurare alhali zanensu na nan kamar sabo. Duba gefen taya, akwai lambobi huɗu na ƙarshe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2016, ka sa kuɗin tayoyi huɗu a cinikin. Sannan ranar da ka fara hawanta kana jin daɗi, ƙaramin mil ɗin da ka biya kuɗi dominsa yana zagwanyewa. Mai mil 30,000 ta riga ta wuce wannan faɗuwar.

Manyan kuɗin da kake ji a gwanjo ba mita ke kawo su ba. Mustang ta 1968 da Steve McQueen ya tuƙa a fim, da tsatsarta da komai, dala miliyan 3.74 aka saye ta a gwanjon Mecum a 2020. Plymouth Hemi Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi ta kai miliyan 3.5 a 2014, don waɗanda aka ƙera ba su wuce dozin ba.

Kafin ka biya ko sisi, saka lambar shasi a Carfax, shafin intanet da ke nuna tarihin mota. In ta nuna an taɓa yin babban haɗari har inshora ta yafe motar, bar ta komai kyanta. In kuma nufinka ka aiko da ita Abuja ka sayar, lissafin ya canza: a can sunan Hellcat ya fi kai wa kunne, kuma mai neman giyar hannu a irin wannan kuɗin sai an tona.