Break ya ƙi fita daga while: C, Python da PHP gefe da gefe

Ɗan'uwa, ka ce ka rubuta ƙaramar manhaja da harshen C mai nuna jerin zaɓi: 1 duba kuɗi, 2 tura kuɗi, 0 fita. Ka sa `switch` a cikin `while (1)`, ka rubuta `break` a ƙarƙashin `case 0`, amma ko an danna 0 sai jerin ya sake fitowa kamar ba a taɓa komai ba. Abokinka kuma ya yi irinta da Python, tasa tana fita lafiya lau, shi ne kake tambaya ko kwamfutarka ce ta samu matsala. Kwamfutarka ƙalau take. Harsunan biyu ne suka saɓa kan wanda `break` zai yi wa biyayya.

A C, `break` yana duba abin da ya fi kusa da shi cikin waɗanda suka kewaye shi, ko `switch` ne ko zagaye irin su `for` da `while`. Wanda ya fara riska shi yake fita daga cikinsa, ya tsaya nan. A kod ɗinka `switch` ne mafi kusa. Ka fito daga ɗaki ne kawai zuwa tsakar gida, ƙofar zaure tana nan a rufe, sai `while` ya sake juyo da kai. Java da JavaScript da C# duk gadon C suka ci a wannan fanni.

Shi kuwa `continue` a waɗannan harsuna ba ruwansa da `switch` ko kaɗan. Ketare shi yake yi ya tafi ga zagayen da ke waje, ya fara sabon juyi. Kalmomi biyu ke nan da ake koyar da su tare kamar tagwaye, amma a cikin `switch` kowa da inda ya nufa.

Abokinka `match` ya yi amfani da shi, takwaran `switch` ke nan, wanda ya shigo Python a sigar 3.10 cikin Oktoban 2021. A nan idan an gama da `case` ɗaya an gama, ba a malala zuwa na ƙasa kamar yadda ake yi a C idan babu `break`, don haka `break` ba shi da aikin yi a cikin `match`. Na zagaye ne shi kaɗai, kuma da ka rubuta shi `while` ɗin zai yanke. Rust ma haka `match` ɗinsa yake. Kotlin da farko hana mutane ya yi su sa `break` ko `continue` tsirara, wato ba tare da sunan zagaye ba, a cikin `when`, wanda shi ne `switch` ɗinsa, sai a sigar 1.4 ta 2020 aka sake su, kuma zagayen waje suke nufi.

Sai dai kada ka yanke hukuncin cewa duk harshen da ba ya malala daga `case` zuwa `case` irin na Python ne. Go da Swift ba sa malala sai ka rubuta `fallthrough` da hannunka, amma duk da haka `break` a cikin `switch` ɗinsu daga `switch` kawai yake fitarwa, kamar C. A ganina wannan ya fi na C saurin yaudara, domin a Go ba kasafai ake rubuta `break` a cikin `case` ba, to duk wanda ya rubuta shi galibi zagayen yake son yankewa, kuma ba zai yanke ba.

Wanda ya fita daban a dangin nan shi ne PHP, kuma tunda da yawa cikinmu muna taɓa shi saboda WordPress da Laravel, bari in ɗan tsaya a kansa. PHP yana ƙirga `switch` a cikin zagaye idan ana maganar `continue`. Dubi wannan:

```php
foreach ($odoji as $o) {
    switch ($o['matsayi']) {
        case 'soke':
            continue;
    }
    aika_kaya($o);
}
```

Duk wanda ya taso a C ko Java zai karanta shi da cewa odar da aka soke an tsallake ta. A PHP ba a tsallake ta ba. Wannan `continue` daidai yake da `break`: ya fita daga `switch`, ya sauka a kan `aika_kaya`, aka aika kayan da mai shi ya riga ya soke. Abin da ya kamata a rubuta shi ne `continue 2`, lambar tana nufin hawa na biyu daga ciki. Mutane sun sha faɗawa ramin nan har sai da PHP 7.3, wanda ya fito a Disambar 2018, ya fara ba da gargaɗi yana tambayar ko `continue 2` kake nufi. Gargaɗi ne kawai, kod ɗin zai ci gaba da gudu da kuskurensa.

Kuma kada ka ji kunyar tambayar nan, manya ma ta kā da su. Ranar 15 ga Janairun 1990 layukan wayar nesa na kamfanin AT&T a Amurka suka rikice na kusan awa 9. Da aka bi sawu, sai aka samu wani `break` a kod ɗin C da ke zaune cikin `if`, shi kuma `if` ɗin yana cikin `switch`. `if` ba ya cikin abubuwan da `break` ke fita daga cikinsu, sai ya fice daga `switch` ɗin gaba ɗaya, ya tsallake aikin da ya kamata a yi.

Gyaran naka kuwa, C ba shi da hanyar sa wa zagaye laƙabi, don haka mafi sauƙi ka ajiye alama:

```c
int ci_gaba = 1;
while (ci_gaba) {
    /* karanta zabi */
    switch (zabi) {
        case 0: ci_gaba = 0; break;
    }
}
```

Ka lura fa, duk layin da ke ƙasan `switch` a cikin zagayen zai gudu sau ɗaya kafin a fita. Idan ba ka son haka, `goto`, wato tsalle kai tsaye zuwa layin da ka sa wa suna a bayan zagayen, halal ne. Malamai suna kyamarsa, amma kod ɗin Linux cike yake da shi wajen fita daga wurare masu hawa-hawa. Da Java ko JavaScript ko Go ko Swift kake, sai ka sa wa zagayen suna, misali `waje:`, ka rubuta `break waje`. A PHP kuma `break 2`, ko da yake ba na son ƙirgen nan, domin ranar da wani ya ƙara zagaye a tsakiya, 2 ɗin ta koma nufin wani wuri daban ba tare da kowa ya lura ba.

Ni dai da nawa ne, jerin zaɓin gaba ɗaya zan cire in mayar da shi aiki mai zaman kansa, misali `void jerin_zabi(void)`, in rubuta `return` a ƙarƙashin `case 0`. Shi `return` ba ya tambayar hawa nawa ke kewaye da shi, kuma gobe idan ka kwashe kod ɗin zuwa PHP ko Python, yadda ka bar shi haka zai yi aiki.