HiAce ko Sprinter, tubula ko litiyam: amsa ga Likita kan bas ɗin da zai riƙa kwana a ciki

Assalamu alaikum. Likita, tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai na tashi daga aiki don amsar ba ta layi biyu ba ce. Ga waɗanda ba su gani ba: ɗan'uwanmu likitan dabbobi ne, yana bin kasuwannin kara, Laraba yana Potiskum, Alhamis Maigatari, Juma'a Wudil. Ya gaji da kuɗin masauki, ya kuma gaji da yawon neman ƙanƙarar da zai ajiye allurar rigakafi. Yana son ya sayi bas ya cire kujeru, ya sa gado da firji da sola. An nuna masa Toyota HiAce mai dogon rufi da Mercedes Sprinter, shi ne yake tambayar wacce, kuma wane batir zai sa.

Aikin sola nake yi, HiAce ɗina kuma shekara uku ke nan ina kwana a cikinta idan aiki ya kai ni ƙauye. Na taɓa haɗa wa wani bawan Allah wuta a Sprinter. Abin da na gani da idona zan faɗa.

Idan aka ajiye motocin biyu gefe da gefe ka leƙa ciki, Sprinter za ta tafi da zuciyarka, kuma da dalili. Mai dogon rufi ta ƙirar 2006 zuwa 2018 tsayin cikinta ya haura mita 1.9, za ka miƙe tsaye ka sa riga ka ɗaura wando kamar kana ɗakinka. Daga kujerar direba kana iya ratsawa baya ba tare da ka buɗe ƙofa ba. HiAce kuwa, ko da babbar ce, wadda 'yan tasha ke kira Hummer, tsayin cikinta wajen mita 1.6 ne, duk namiji matsakaici sai ya sunkuyar da kai. Injinta yana ƙarƙashin kujerun gaba, don haka bayan doguwar tafiya zafinsa yana daɗewa yana shigowa ciki, tsallakawa baya kuma sai da dabara. Gabanta ba shi da hanci sosai, ƙafafun direba suna kusa da duk abin da aka yi karo da shi, Allah ya tsare. Shan mai ma Sprinter ta fi sauƙi: tawa mai injin fetur 2.7 tana shan lita 13 zuwa 14 a kilomita 100 idan da kaya, Sprinter mai gas tana yin ƙasa da haka, ko da yake litar gas ta fi ta fetur tsada.

Duk wannan gaskiya ne, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Tambayar da zan so ka yi wa kanka ita ce: ran da ta tsaya min tsakanin Azare da Potiskum da la'asar, da allurai a firji, wa zai tashe ta?

Mutumin da na haɗa wa wuta a Sprinter ya kira ni wata rana, a zatonsa wayoyina ne suka jawo matsala. Mota tana tashi lafiya lau, amma ta ƙi jan gudu, ko ya taka totur har ƙasa sai ta riƙa rarrafe, ga fitila ta kunnu a gaban sitiyari. Makanikai uku na garin suka taru, aka buɗe gaba, aka tsaya ana kallon-kallo. Ba wai ba su iya aiki ba ne, mutane ne da za su sauke maka injin HiAce su mayar kafin magariba. Sai dai wannan injin ba a gane ciwonsa da kunne, sai an jona masa na'ura ta karanta. Kwana biyu ya yi yana jiran mai na'urar ya zo daga Kano, ashe wata 'yar sensa ce da ba ta kai babban yatsa ba. Sprinter ta Turai, musamman ta 'yan shekarun baya-bayan nan, an gina ta ne don tsabtataccen gas. Tana da matatar hayaƙi da ke toshewa, sababbin kuma har da ruwan AdBlue, wani ruwa da ake zuba musu daban don tace hayaƙi. Gas ɗin da ake samu a wasu gidajen mai na kan hanya, wanda wani lokaci aka surka shi ko ruwa ya shiga, shi ne ajalin nozul ɗinta, nozul ɗin kuma ba kayan araha ba ne.

HiAce ta wannan ƙirar tun 2004 ake yin ta, kuma ita ce bas ɗin haya a kusan kowace tasha a Arewa. Kayanta suna jibge a Ƙofar Ruwa da Panteka, sabo da na hannu, kai ko a ƙaramin gari ba za ka rasa famfon ruwa ko bel ko takalmin birki ba. Injin fetur ɗinta, 2TR, sarƙa gare shi ba bel ɗin taimin ba, ba shi da tabo (turbo), kuma yana da haƙuri. Ga wani abu da ba a cika tunawa ba sai an sayi mota: ƙofar gida. Kai ba a daji za ka kwana ba, kuma ina roƙonka kada ka fara, halin da hanyoyinmu ke ciki ba sai na faɗa maka ba. Za ka kwana ne a harabar gidan sarkin fawa, ko gidan abokin hulɗa, ko ofishin dabbobi mai maigadi. Sprinter mai dogon rufi ta kai mita 2.7, kafin ka ɗora mata farantin sola, tsawonta kuma kusan mita 6 ko 7. Get da yawa masu dakali a sama ba za ta shiga ba. HiAce tsayinta bai kai mita 2.3 ba, tsawonta ƙasa da mita 5.4, kuma farar HiAce ba ta jan ido, kowa zai ɗauka ta haya ce ko ta makaranta. A wannan zamanin rashin jan ido ma kadara ne.

Saboda haka ni HiAce mai fetur zan ce. Idan da a ce zirga-zirgarka tsakanin Abuja da Kaduna da Kano ce kawai, kuma kana da amintaccen mai gyaran Mercedes, to Sprinter ba laifi. Wajen saye ka guji wadda ta yi haya, ta riga ta ba da abin da ke jikinta. Ka duba ko an juya mata sitiyari daga dama zuwa hagu, don irin wannan aikin idan ba a yi shi da kyau ba matsalar waya ba ta ƙarewa. Ka kuma kwanta a ƙasa ka haska ƙarfen gindinta da tocila, 'yan Beljiyam da suka sha gishirin titi lokacin sanyi suna ruɓewa daga ƙasa alhali fentinsu na sheƙi.

Yanzu wuta, inda na fi sani. Kafin a yi maganar batir sai a yi lissafin abin da za a ci a yini. Firji mai kwamfaresa na bolt 12, mai cin lita 40 zuwa 50, a zafin Afrilu na auna nawa yana cin wajen wat-awa 600 (wato wat sau awoyin da ya yi aiki) a awa 24. Fankar rufi, wat 25 sau awa 10, 250 ke nan. Fitilu 50. Kwamfuta da wayoyi 150. Ƙaramin famfon ruwa da sauran tarkace a ce 50. An tashi 1,100, a ƙara abin da ke zubewa a waya da inbata, a riƙe 1,300.

Batirin tubula, wato dogon batirin nan mai ruwa, na 220Ah a takarda yana ɗauke da wajen wat-awa 2,600, amma idan kana son ya daɗe rabi kawai za ka ci, wato 1,300. Ka ga ya zo daidai wa daida, babu ko rarar yini ɗaya na hadari. Nauyinsa kuma kusan kilo 60. Litiyam irin LiFePO4 na 200Ah shi ma wajen 2,560 ne, amma kana iya cin kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari ba tare da ka cuce shi ba, sama da 2,000 ke nan, nauyinsa kuma bai wuce kilo 25 ba. Kuɗinsa ya fi, ƙwarai. Amma masu ƙera shi suna ba shi caji da sauka sama da sau 3,000, abin da tubula ba ya kamo ƙafarsa, litiyam ɗin kuma yana karɓar caji da sauri.

Ni da tubula na fara, don shi nake sa wa mutane a gidaje kuma a gida ba shi da laifi. A mota ne na gane kurena. Wata tafiya a kan hanyar burji mai tsalle-tsalle, da na isa na buɗe ƙofar gefe sai wani wari mai yaji ya doke ni. Ruwan batir ya yi ta fantsama ta murafe, ya gangara ƙarƙashin katakon gado, ya jiƙa gefen dardumar sallata. Bayan kwana biyu na ɗaga dardumar, wajen ya rududduge a hannuna kamar tsohuwar takarda, ƙarfen ƙasan motar kuma ya yi fari-fari ya fara tsatsa. Ban da wannan, tubula idan yana caji yana fitar da iskar haidirojin, wadda tartsatsi kaɗan ke isar ta, kai kuma ga kanka taku ɗaya daga shi kana barci, ga tukunyar gas. Batir mai ruwa wurinsa ɗaki mai iska, a ƙasa mai zaman lafiya. Idan kuɗin litiyam bai samu ba yanzu, gara ka ɗauki rufaffen batir, jel ko AGM, ko ka fara da litiyam 100Ah ɗaya ka ƙara na biyu daga baya. Abu ɗaya da litiyam ba ya so a ƙasarmu shi ne zafi. Kada a ajiye shi jikin murfin inji bayan kujerun gaba, a sa shi ƙasa can baya inda iska ke ratsawa. Kasuwa kuma ta cika da tsofaffin ƙwayoyi a sabon akwati, ka sa a gwada maka ƙarfinsa a gabanka.

Cajin kuma hanya biyu ce, ka haɗa duka. Faranti mai wat 400 zuwa 550 zai zauna a rufin babbar HiAce, na 550 tsawonsa wajen mita 2.3 ne, faɗinsa mita 1.1 da ɗoriya. Muna kusa da tsakiyar duniya, don haka ko a kwance yake yana kama rana sosai. Na 400 a awa biyar na rana mai ƙarfi, bayan an cire asarar zafi da ƙura, zai ba ka wajen 1,400. Ka sayi mai gilashi da firam, a ɗaga shi kamar yatsa huɗu daga rufi, sai ya zame maka inuwa kuma. Masu lanƙwasa da ake mannawa da gam zafin kwano yana kashe su da wuri. Kwantirola, na'urar da ke daidaita wutar faranti kafin ta shiga batir, ka sa irin MPPT, ba irin PWM ba, da irin wannan babban farantin PWM zubar da fiye da rabin wutar zai yi. Lokacin hunturu tsumma da ruwa kowace safiya, in ba haka ba ƙura ta cinye maka.

Hanya ta biyu ita ce altanetar motar, kuma ga mai tafiya irinka ta kusa fin sola amfani. Sai dai kada wani mai gyaran waya ya jona maka litiyam kai tsaye da batirin mota, zai zuƙi wutar da za ta gasa altaneta. A sa cajar DC-DC a tsakani, ita ke ƙayyade wutar da litiyam zai ja daga batirin mota. Mai amfiya 30 tana zuba wajen wat 400, ka ga tafiyar Kano zuwa Potiskum, kusan kilomita 300, ta isa ta mayar maka da abincin yini guda ko da hadari ya rufe rana.

Na san za ka tambayi na'urar sanyaya ɗaki, kowa yana tambaya. Ƙaramar mai doki ɗaya, ko da mai inbata ce, za ta ci wajen wat-awa 4,000 a dare ɗaya cikin gwangwanin da ya yini a rana. Ninki uku ke nan na duk sauran kayanka, rufin HiAce kuma ba shi da filin farantan da za su biya wannan bashin. Wasu sai su ce a ɗauki ƙaramin janareta. Mun sha jin iyalan da hayaƙinsa ya kashe cikin barci a gidaje masu tagogi, balle mota, ga ƙararsa a harabar mutumin da ya yi maka karamci. Kuɗin nan ka zuba shi a rufi: a liƙa abin tare zafi mai kauri ƙarƙashin kwano da bango kafin a buga katako, a huda rufi ta baya a sa fanka mai zuƙo iska waje, a sa raga a tagogin gaba saboda sauro. Bidiyoyin Turawa da kake kallo sanyi suke yaƙa, shi ya sa za ka ga suna ta maganar hita. Mu namu yaƙin da rana ne. Gilashi kuma labule ya ishe ka, baƙin gilashi yana iya haɗa ka da 'yan sanda, kai kuwa shingen bincike nawa kake wucewa a mako.

Sai maganar allurai, tunda su ne jarinka. Mafi yawansu ana son su zauna tsakanin digiri 2 da 8, kuma wasu daskarewa na lalata su kamar yadda zafi ke yi. Firjin ya zama na bolt 12 da ke jone da batir kai tsaye, ba na gida da ke bi ta inbata ba, don ran da inbata ta mutu kada ta tafi da kayanka. Ka jefa ma'aunin zafi mai nuna mafi sama da mafi ƙasa a ciki, ka ajiye gorunan ruwa biyu ko uku tare da su don su riƙe sanyi idan ana yawan buɗewa, lemo da nama kuma a nema musu wata kula daban. Inbata wat 600 zuwa 1,000 ta ishe ka. Amma ka sani mai 1,000 tana jan kusan amfiya 90 daga batir, kaurin wayarta ba zai gaza sukwaya milimita 25 ba, ta jan ƙarfe zalla, da fiyus dab da kan batir. Motocin da na ga sun kama da wuta, siririyar waya ce mara fiyus da ta gogi ƙarfe.

Kafin ka biya kuɗin kowace mota, ka je da tef ka auna cikinta da rufinta, ka auna get ɗin gidaje ukun da kake sauka. Ka turo min awon tare da sunan firjin da kake son saye, in zana maka yadda wayoyin za su bi.