IntelliJ IDEA da rigimarmu kan this da m

Wata biyu kenan ina rubuta Java, wato yaren haɗa manhaja, da IntelliJ IDEA, manhajar rubuta kod ta kamfanin JetBrains, na kyautan nake amfani da shi ba na kuɗi ba.

Yadda aka yi na koma kansa ma abin kunya ne. Wata 'yar manhaja nake haɗa wa yayana ta rubuta masu cin bashi a shagonsa, a cikin konstirakta, wato inda ake zuba bayanan sabon kwastoma, sai na rubuta suna = suna; maimakon this.suna = suna; na manta da this. gaba ɗaya, ita kuwa Java ba ruwanta ta karɓa ta yi gum, duk kwastoman da na shigar sai sunansa ya fito null, wato ba komai, kwana biyu ina zagin databes alhali ba laifinta. Ina buɗe fayil ɗin a IntelliJ ya haska layin ya ce abu na ɗora a kan kansa. Wallahi dariya na yi.

Abin da ya fi burge ni shi ne kala. Fild na aji, wato inda ake ajiye bayani kamar this.suna, launin shunayya yake ba shi, farameta kuwa, wato bayanin da ake miƙo wa konstirakta, daban, tun daga nesa ka san wane ne wane. Akwai abokina ɗan Android da ya nace sai an sa harafin m a gaban sunan fild, mSuna, mBashi, wai haka ake yi a kod ɗin Android ɗin kansa, kuma gaskiyarsa ne, amma ƙa'idar rubuta Java ta Google cewa ta yi kar a liƙa irin wannan harafi. Mun daɗe muna wannan musu. To tunda kala ta nuna, me m ɗin zai ƙara min? Ni this.suna ta ishe ni.

Shi ma abokin nawa dai ba a bar shi a baya ba, a saitin Code Generation na IntelliJ akwai inda zai sa m, idan ya danna Alt+Insert sai ya samu getSuna tsaf, ba getMSuna ba.

Sai Shift+F6, ka canja sunan fild sau ɗaya ya bi duk inda yake ya gyara, har ya tambaye ka ko a haɗa da geta da seta, wato irin su getSuna da setSuna masu ɗauko fild da canja shi. Haka na mayar da bs zuwa ragowarBashi, don ni kaina na manta me nake nufi da bs.

IntelliJ yana da cin RAM kam, tsohuwar laftof ɗina 4GB ce, sai da na je kasuwa aka ƙara min zuwa 8 kafin muka shirya.