Zogale ko dogon yaro a ƙofar gida?

A Maraɗi ruwan sama wajen milimita 500 ne a shekara, don haka duka biyun suna rayuwa. Dogon yaro ya fi inuwa, kuma bayan rani biyu na ban-ruwa ya kama kansa. Sai dai saiwarsa tana tsaga katanga: a ba shi tazarar mita 5.

Zogale kuwa ba ya son ruwa ya kwanta masa, saiwar ruɓewa take. A shuka irin a Yuni cikin rami mai santimita 40 da taki ruɓaɓɓe. Ɗanyen taki gara yake jawowa. In ya kai mita ɗaya a datse kan, ya yi rassa. Awakin unguwa fa ba sa raga masa, sai an kewaye shi da ƙaya. Ƙaramin fili, zogale ya fi, ga ganyen kwaɗo.