Injin gahawa mai niƙa da kansa ko tukunyar moka?

Injin da ake zuba wa ƙwayar gahawa ya niƙa, ya matse, ya tsiyayo a kofi da danna maɓalli ɗaya abin sha'awa ne, amma a ƙauyukan Jigawa wuta ce ke yanke hukunci. Irin su DeLonghi Magnifica suna jan wat 1,450 lokacin dafa ruwa. Ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba, mai sola kuma sai inbatarsa ta kai kilowat 2. Wuta mai hawa da sauka kuwa allon lantarkin ciki take ƙonawa, gyara sai an kai birni, in ma an dace da kayan.

Sai ruwa. Na rijiyar burtsatse mai zartsi yana barin farin datti mai tauri a bututun injin, gahawar ta koma ɗiga, ɗumi-ɗumi. Dole a tace ruwan, a wanke bututun da maganinsa duk lokacin da fitilar gargaɗin injin ta kunna. Ƙwayar da ta sha suya har ta yi maiƙo ita ma tana toshe maniƙar.

Tukunyar moka, 'yar butar ƙarfe mai hawa biyu da tururi ke tura ruwa ta cikin garin gahawa, wadda Alfonso Bialetti ya fito da ita a Italiya a 1933, gawayi ko gas ya ishe ta. A zuba ruwa a ɓangaren ƙasa kada ya kai bawul, wato 'yar mafitar tururi da ke gefe, a cika kwandon tsakiya da garin gahawa ba dannawa, wuta kaɗan-kaɗan, a sauke da ta fara ƙarar ɓulɓula, in ba haka ba ta yi ɗaci. Robar bakinta kawai ke tsufa.

Sai dai matsinta bai kai bar 2 ba (bar ma'aunin matsi ne), espresso kuwa, wato gahawa mai kauri irin ta inji, 9 yake so, don haka kumfar nan mai kauri ba za a samu ba. Wanda ba shi da tsayayyiyar sola, ya sayi moka da maniƙar hannu.