Waya ko kwamfuta? Amsar tambayar Malam kan rubutu da baki

Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ka ce ido ya fara gajiya da ƙananan baƙaƙen waya, ga rahoton taron unguwa da kake rubutawa duk wata, kana tambaya wanne ya fi: ka riƙa yi wa waya magana tana rubutawa, ko kwamfutar da yara suka bar maka. Na daɗe ina aiki da duka biyun, kuma in dai Hausa za ka rubuta, waya ce zaɓina.

A wayar Android akwai madannin Gboard na Google. A shekarar 2024 kamfanin ya sanar da ƙara harsunan Afirka 15 cikin waɗanda ake faɗa da baki a rubuta, har da Hausa da Yarabanci da Ibo. Ka shiga saitin madannin, ka ƙara Hausa, sai ka taɓa ɗan hoton makirfon da ke saman baƙaƙen ka fara magana. Duk inda ake rubutu yana aiki, a WhatsApp ne ko Facebook ko saƙon tes. Ba ka biyan ko kwabo, data kawai yake ci.

Kwamfuta kuwa faɗin allo ne ƙarfinta, kuma ga mai ciwon ido wannan ba ƙaramin abu ba ne. Manhajar rubutu ta Google Docs tana ɗaukar murya kyauta ta Chrome, manhajar shiga intanet. A manhajar rubutu ta Word da ake sawa a kwamfuta kuwa, rubutu da baki sai mai biyan kuɗin Microsoft 365. Ni wasiƙar Turanci ta ofis nake yi da su. Sai dai suna son zama wuri ɗaya, da wuta, da intanet mai ƙarfi, ka kuwa san halin wutarmu a Katsina.

Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne, babu na'urar da ke jin mutum kamar ɗan'uwansa. Daidaitacciyar Hausa ake rubutawa, mu kuwa bakinmu ya saba da "tahi" da "mashi". In za ka yi mata magana, ka ce "tafi", ka ce "masa", jimla ɗaya-ɗaya, ba da gaggawa ba. Sannan ka sa ido kan baƙaƙe masu lanƙwasa. "Ƙasa" daban, "kasa" daban. "Ɓata" daban, "bata" daban. A rahoton da ya shafi fili ko kuɗin gudummawa, baƙi ɗaya na iya haɗa maƙwabta faɗa. Sunayen mutane da adadin kuɗi ma da hannu nake sa su.

Wuri ma yana da tasiri. Na taɓa gwadawa a bakin titi wajen Ƙofar Ƙaura da la'asar, ƙarar keke da janareton mai caji suka haɗiye rabin maganata. Laifina ne da na tsaya nan. Yanzu bayan sallar asuba nake yi, a zaure, waya kusa da baki kamar taƙi ɗaya.

Don haka ka faɗi rahoton a waya, ka tura shi kwamfuta, ka ƙara girman rubutun ka karanta a natse, ko jikanka ya karanta maka da ƙarfi kana gyarawa. In saita Hausar ya gagara, ka zo da wayar zuwa masallacin Juma'a, in an idar sai in saita maka.