Irin karas Touchon na gwangwani, gaskiyar abin da na gani

Jama'a masu noman rani a Kura da Garun Malam, wannan irin Touchon da ake saidawa a gwangwani a shagunan iri, ni dai a wajena ya ci kuɗinsa. Karas ɗin yana fitowa a miƙe, santala-santala, launinsa ya yi ja sosai, ga zaƙi, kuma zuciyarsa ba tauri, shi ya sa dillalan kasuwar 'Yankaba ta Kano ba sa jan ciniki da yawa in sun gani. Wata uku haka ka fara cira.

Amma fa iri kaɗai ba ya yi maka aikin, ƙasar sai mai yashi-yashi wadda aka kafce ta yi laushi, in ka zuba shi a taɓo ko ka sa ɗanyen kashin shanu wallahi sai ya fito da 'yan yatsu kamar citta, takin sai wanda ya ruɓe. Ka gauraya irin da yashi kafin ka yafa, in ya tsiro ka rage shi ka bar kamar yatsa uku tsakani, mutanenmu nan suke jin ciwo, suna ganin asara ce. Yuriya kuma, wato takin zamani, a bi a hankali, ganye kawai take ƙarawa. Ban ruwa in ana yi ana tsallakewa sai ya tsattsage.

Matsalarsa tsada, kuma akwai jabu a kasuwa. Ku duba kwanan watan da ke jikin gwangwanin, wanda aka buɗe ana aunawa a cokali kar ma ku fara. Ku shuka da shigowar sanyi.